Yini Ɗaya Daga Ingal Zuwa Tagidda da Kufan Azelik: Yadda Ake Shirya Shi

Duk wanda ya ce maka za ka tashi daga Agadas da asuba, ka ga Ingal, ka ga ramukan gishirin Tagidda, ka taka kufan Azelik, sannan ka dawo Agadas ka yi sallar isha'i, to a taswira ya yi tafiyar, bai taɓa yin ta a mota ba. Daga Agadas zuwa Ingal kaɗai akwai kilomita 120 zuwa 160, gwargwadon hanyar da direba ya bi. Daga Ingal zuwa Tagidda kuma akwai wasu 80 zuwa 90, ba kwalta, sai sawun mota a kan fako. Saboda haka yinin nan daga Ingal ake ƙirga shi: a can za ka kwana kafin ka fita, a can kuma za ka dawo ka kwana.

Wuraren nan uku labarinsu ɗaya ne, shi ya sa ake haɗa su. Azelik birni ne da ya yi tashe da jan ƙarfe sannan ya mutu. Tarihin baka na yankin ya ce waɗanda suka tsira daga rushewarsa su ne suka koma Tagidda suna yin gishiri, suka kuma zauna Ingal suna noman dabino. Har yau gidajen da ke da garkar dabino a Ingal da yawansu suna da ramukan gishiri a Tagidda, kuma harshensu ɗaya, Tasawak, wanda ya haɗa Songai da Abzinanci. Kada wannan ya dame ka, Hausa na ci a kasuwa da tasha da ofis.

Zaɓen lokaci

Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Filin da ke arewa da Ingal, wanda ake kira Irhazer, ƙasar laka ce. Da rani ta bushe ta yi tauri mota na gudu a kai, amma ruwa ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta ya isa ya mai da ita taɓon da zai riƙe mota kwana da kwanaki. Aikin gishirin ma tsayawa yake yi da damina, don ruwan sama na cika ramukan. A Afrilu da Mayu kuwa zafi kan wuce digiri 40, kuma babu inuwar kirki tsakanin Ingal da Tagidda.

Mutane da yawa na son haɗa tafiyar da bikin makiyaya na lasar gishiri, wanda a Nijar ake kira Kur Sale, da ake yi a Ingal cikin Satumba. Bikin abin kallo ne, Abzinawa a kan raƙuma, Wodaɓe da kwalliyarsu, amma ba lokacin wannan yawon ba ne. Ƙasa ba ta gama bushewa ba, masauki ya yi wuya, hankalin kowa na kan taro. In biki kake so ka je biki, ka bar kufai sai hunturu.

Izini, jagora da mota

Maganar tsaro ita ce ta farko, kuma ba a yanke ta daga gida. Jihar Agadas ta sha fama da 'yan fashin hanya da masu satar mutane, yanayin kuma yana canzawa daga wata zuwa wata. Kafin ka biya kowa ko sisi, ka tambayi hukuma a Agadas ko hanyar a buɗe take, da kuma ko sai da rakiyar sojoji. Ga Turawa da sauran baƙin nesa rakiya ta daɗe da zama tilas a yankin. In ka iso Ingal ka gabatar da kanka wurin jandarmomi, ka faɗa musu inda za ka, mutum nawa ne, da lokacin da kake sa ran dawowa. In suka ce kada a je, magana ta ƙare.

Mai zuwa daga Najeriya ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Daga Kano ana bi ta Damagaram da Tanut, daga Sakkwato kuma ta Ƙonni da Tawa da Abalak. Ka canza kuɗinka zuwa sefa tun a babban gari, ka nemi ƙananan takardu da silalla, don a Tagidda ba mai canjin jikka goma. Ka kuma saba da ƙirgen can: dala ita ce sefa 5, jikka sefa 1000, don haka in mai cuku ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi.

Jagora ya zama ɗan Ingal ko wanda ke da dangi a Tagidda. Ɗan birni mai iya Faransanci zai iya ba ka labari mai daɗi, amma wanda zai gane sawun da ya nufi rijiya daga wanda ya nufi gari, wanda kuma in ya yi sallama a Tagidda za a amsa masa da sunansa, shi ne ya cancanci kuɗinka. Ku yi ciniki a fili tun kafin tashi: nawa ne nasa, wa zai sayi mai, wa zai ciyar da direba. Kuma ka faɗa masa ƙarara Tagidda-n-Tesemt kake nufi, ta gishiri, domin akwai Tagidda-n-Adrar da Tagidda-n-Tagait a yankin, kowace da hanyarta.

Mota sai mai jan ƙafa huɗu, irin Land Cruiser ko Hilux, wadda a can ake ce wa kat-kat. Biyu sun fi ɗaya nesa ba kusa ba. Da yammacin da ka iso, ka tsaya a kan direba ya nuna maka da idonka: tayoyin safaya biyu masu iska, jak da katakon ɗora shi, famfon iska, shebur, igiyar ja, da jarkar mai ta ƙari. Tafiya da dawowa za su tasar wa kilomita 200 ko fiye, amma ka ɗauki man da zai yi ninkin haka, don hanyar daji na shan mai, kuskuren hanya kuma ba ya sallama. Ruwan sha aƙalla lita 5 ga kowane mutum, ban da jarka guda da ba za a taɓa ba sai in an maƙale. Layin waya yana nan a Ingal, amma kada ka dogara da shi bayan ka bar gari.

Guzuri mai sauƙi ya isa: burodi, kilishi, dabino, cuku, gyaɗa, da kayan shayi. Ka ƙara ganyen shayi da sukari na kyauta, za ka ga amfaninsu. Ka sa rawani ko babban mayafi, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe, da rigar sanyi, don asubahin Janairu a nan yana sa haƙora kaɗawa.

Yammacin da ka iso Ingal

Kada ka ɓata shi a ɗaki. Bayan la'asar ka sa jagora ya bi da kai tsohuwar unguwa mai lunguna da gidajen ƙasa, sannan ku gangara garake da ke bin bakin ƙorama. Dabinon Ingal da ya fi suna shi ne wanda suke kira almadina, wanda suke cewa sharifai ne suka kawo irinsa daga Madina. Akwai kuma ganuwar sojan da Faransawa suka gina a zamanin yaƙin da Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi da su a 1916 zuwa 1917. A kasuwa ka nemi gishirin Tagidda ka riƙe shi a hannu, ka ga launinsa mai ja-ja, don gobe za ka ga inda aka haife shi. In kana da sha'awar abin da ya fi kufai tsufa, a kewayen nan ne ayarin masanin Amurka Paul Sereno ya tono ƙasusuwan ƙatuwar dabbar nan ta zamanin da, Jobaria, a 1997. Wannan yawon wata rana ne, kada ka cusa shi cikin na gobe.

Ka kwanta da wuri.

Daga asuba zuwa Tagidda

A hunturu rana kan fito wajen ƙarfe 7, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma. Awa goma sha ɗaya ke nan, kusan shida daga ciki kuma a mota za su ƙare. Ku yi sallar asuba, ku sha shayi, ku tashi da zarar gari ya fara wayewa yadda direba zai iya ganin sawu. Hanyar shimfiɗaɗɗen fili ce, nan da can ƙaya da garken raƙuma, sai kawalwalniya in rana ta ɗaga. In kuka ci karo da makiyayi ya ɗaga hannu, al'adar wurin ita ce a tsaya a gaisa, a ba shi ruwa in ya nema, a tambaye shi labarin hanya. Sau da yawa labarinsa ya fi na kowa sabunta.

Abin da za ka fara hangowa a Tagidda tuddai ne masu duhu a tsakiyar fili. Ba duwatsu ba ne, ƙasar da aka tatse gishirinta ce aka yi ta zubarwa shekara da shekaru har ta zama tsauni. Kada ka zarce wurin aikin kai tsaye. A fara kai ka wurin mai gari, ka gaishe shi yadda ya kamata, "Ranka ya daɗe, mun zo ganin gari ne," ka miƙa ganyen shayi da sukarin nan ta hannun jagora. Minti goma ne, amma su ke buɗe maka sauran yinin.

Daga nan ka hau ɗaya daga tuddan ka duba ƙasa. Ɗaruruwan ramuka ne zagayayyu manne da juna, wani ja, wani ruwan ƙasa, wani rawaya, wani ya yi fari fat, kamar an jera faifai a tsakar gida ranar biki. Bambancin launin daga matakin da ruwan kowane rami ya kai ne wajen ƙafewa. Ka sauko ka bi aikin daga farkonsa, don a nan daɗin wurin yake. Ana ɗebo ƙasa mai gishiri a zuba a babban rami, a kwara mata ruwan zartsi daga idon ruwan wurin, mutum ya shiga da ƙafa yana tattakawa har ta dame. A bar ta ta kwanta. Ruwan da ya taso sama, wanda yanzu ya ninka gishiri, shi ake kwasa a zuba a ƙananan ramukan da aka shafe da laka, a bar wa rana da iska. In ɓawon gishiri ya kama a saman ruwa sai a yayyafa masa ruwa ya nutse, don kada ya hana sauran ƙafewa. A ƙarshe a kwashe, a cuɗa, a yi curi ko falle, a shanya. Lakar da ta rage a babban ramin kuwa a ɗauke ta a kai kan tudun da ka tsaya a kai ɗazu.

Ka dubi ƙafafu da hannayen masu aikin, yadda gishiri ya tsattsage su, kafin ka buɗe baki neman ragi. Gishirin nan yawancinsa na dabbobi ne, makiyaya ke saye, fatake kuma na gangarawa da shi kasuwannin kudu. Ka sayi ko kaɗan ne daga hannun mai shi.

Abu biyu ke ɓata wa mutanen wurin rai. Na farko taka gefen rami: gyaffan na laka ne, kowane rami da mai shi, in ka rusa baki ɗaya ka zubar da aikin kwanaki. Ka bi sawun jagora, inda ya sa ƙafa nan za ka sa. Na biyu ɗaga waya a kan mata ba tare da tambaya ba. Ka ce "Inna, in ɗauki hoton aikin?" In ta ce a'a, ka ɗauki ramin ka bar mutum. Kada kuma ka roƙi ruwan sha a garin in ba dole ba, ruwan daɗi daga nesa suke kawo shi.

Tsakar rana

Wajen ƙarfe 11 da rabi rana ta fara cizo ko da hunturu ne. Ku nemi inuwa a cikin gari, a dafa shayi, a ci guzuri. Shayin Abzinawa zagaye uku ne, kuma tashi bayan kofin farko rashin ladabi ne, don haka ka sa shi cikin lissafin lokaci. Ku yi azahar a nan. Wanda ya zo daga nesa bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba matafiyi ne, yana da sauƙin kasaru, in ruwa ya yi ƙaranci kuma ga ƙasa mai tsarki ko'ina don taimama. Ka riƙa kurɓar ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, don iskar hunturu na busar da gumi kafin ka san ka yi shi. Wanda ya fara ciwon kai ko jiri a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa rawani, a ba shi ruwan gishiri da sukari.

Kufan Azelik

Azelik na gabas da Tagidda, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A kusa akwai ma'adinin yuraniyom na kamfanin SOMINA, wanda 'yan Sin ke da kaso mafi girma a ciki. Wuri ne mai tsaro: ba a matsawa kusa, ba a ɗaukar hotonsa.

Gara in faɗa maka tun yanzu, babu dogayen bango ko ƙofar birni da za ka tsaya a gabanta. Wanda ya sauko daga mota yana duban sama zai ce an cuce shi. Azelik ƙasa ake duba. Ka ɗan tsaya idonka ya saba, sai ka fara ganin duwatsun ba a warwatse suke haka kawai ba: ga layi ya miƙe ya karya kwana, ɗaki ke nan, ga wani dogon gini da ɗan lanƙwasa a bangon gabas, masallaci ke nan da mihrabinsa. Masu binciken Faransa da suka yi aiki a nan a shekarun 1970, cikinsu har da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, sun gano tushen masallatai da maƙabartu masu faɗi da wuraren narka ƙarfe. Yawancin masana sun tafi a kan nan ne Takadda, garin da Ibn Baɗɗuɗa, shahararren matafiyin nan na Maroko, ya sauka a 1353 a hanyarsa ta komowa daga Mali.

Abin da ya rubuta shi zai cika maka filin da mutane. Ya ce gidajen garin da jan dutse aka gina su, ruwansa kuma ya canza launi da ɗanɗano saboda jan ƙarfe. Ya ce ana tono ƙarfen a bayan gari a kawo gida a narka, a zuba shi sanduna-sanduna, wasu sirara wasu masu kauri. Masu kaurin ana ba da 400 a kan miskalin zinariya ɗaya, siraran kuma 600 zuwa 700. Su ne kuɗin garin: da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da man shanu da alkama da bayi. Ya kuma ce ana kai ƙarfen Gobir da Barno. Wato kasuwar wannan fili da kake tsaye a kai ta taɓa kaiwa har ƙasar Hausa, shekara fiye da 600 da suka wuce. Shi kansa ya bar garin ne cikin ayarin da ke ɗauke da bayi mata kusan 600 zuwa arewa, wannan ma yana cikin arzikin da ya gina masallatan nan, bai kamata a tsallake shi ba.

Yanzu ka tsuguna. Tsakanin tsakuwa za ka ga tsingaro, wani da zane wani lami. Za ka ga kashin maƙera, baƙi mai ƙuraje. In ka yi sa'a ka ga ɗan ɗigon abu kore, ƙarami bai kai ƙwayar gero biyu ba: jan ƙarfe ne da ya yi tsatsa. Ƙarfen yankin a cikin dutse yake zaune ƙwaya-ƙwaya, sai an farfasa dutsen an tsince shi an narka a ɗan kasko, shi ya sa duwatsun niƙa da gutsattsarin kasko suka yi yawa a wurin. Wanda ya kalli masu gishiri da safe zai fi gane wannan, don wahalar iri ɗaya ce, a tara ƙasa mai yawa a fitar da abu kaɗan mai daraja.

Abin da ya kashe birnin, a bakin mutanen Ingal, yaƙi ne da Sarkin Agadas, bayan sarautar Abzin ta kafu a ƙarni na 15 ta janye hanyar fatake zuwa wajenta. Masana na ƙara cewa ƙarfen mai sauƙin samu ma ya yi ƙasa. Ka tambayi jagoranka yadda kakanninsa suka ba shi labarin, ka saurara har ƙarshe ko da ya saɓa da abin da ka karanta.

Duk abin da ka ɗaga ka mai da shi inda ka same shi. Dokar Nijar ta 1997 ta hana kwasar kayan tarihi, ana kuma iya bincika jaka a shingen hanya. Ban da doka ma, tsingaron da aka raba da wurinsa ya daina ba da labari. Kada mota ta hau kan kufan, a bar ta a gefe. Wuraren da ka ga duwatsu a jere tsaye ko a zagaye kaburbura ne, na Musulmi da yawansu, ka yi musu sallama da addu'a ka kewaye. Kada kuma ka cusa hannu ƙarƙashin dutse. Ibn Baɗɗuɗa ya yi maganar kunamun Takadda masu kashe yara, jikokinsu na nan.

Juyawa

Ƙarfe 3 na rana ku kasance cikin mota, ko ka gama kallo ko ba ka gama ba. Wannan ƙa'idar ba ta da ciniki. Awa uku ne zuwa Ingal in komai ya tafi daidai, faci ɗaya kuma ya isa ya cinye ragowar hasken. Da dare sawu ba ya ganuwa, fitilar mota kuma ana hango ta daga nesa ƙwarai. In hazo ya taso har ba a ganin gaba, a tsaya a jira. In mota ta mutu, kowa ya zauna wurinta, kada wani ya ce zai taka ya nemo taimako: mota ake hangowa, ba a hango mutum, kuma jandarmomin da ka gaya wa lokacin dawowarka sun san hanyar da za su bi.

Ku yi la'asar a hanya, a duba tayoyi da ruwan inji a wannan tsayawar. Da kun shigo Ingal, kafin wanka da abinci, ka koma ka shaida wa jandarmomi kun dawo lafiya, ka sallami jagora da direba da abin da kuka yi alkawari da ɗan goro a kai. Hanyar Agadas ko ta Tawa sai da safe.